Yadda za ka ƙarasa kwas ɗin nutso na farko a ƙasar waje

Idan kana son satifiket ɗin PADI Open Water, wato shaidar matakin farko ta nutso da tukunyar iska daga ƙungiyar horar da masu nutso ta PADI, kar ka bari sai ka sauka a ƙasar mutane sannan ka fara daga farko, kwanakin hutunka za su ƙare a aji. Karatun ka yi shi ta intanet tun kana gida, darussa 5 na cikin ruwa mara zurfi ma ka gama su a gida wajen malamin nutso, sai malaminka ya ba ka takardar rifaral, wato shaidar abin da ka gama don ka ƙarasa a wata cibiyar, tana aiki wata 12.

Abin da ya rage shi ne nutso 4 a teku, kuma ba a yin su rana ɗaya, aƙalla kwana 2 ne, zurfin bai wuce mita 18 ba. Tun kafin ka sayi tikiti ka tura wa cibiyar nutson saƙo ka tambaya ko suna karɓar rifaral, ka kuma cike fom ɗin lafiya da gaskiya, mai asma ko ciwon zuciya sai likita ya sa hannu.

A cikin darussan, cire tabarau na nutso mai rufe ido da hanci a ƙarƙashin ruwa shi ke firgita mutane, ruwan gishiri na taɓa hancinka zuciya ta ce ka gudu sama, to kar ka gudu, ci gaba da numfashi ta baki a hankali. Kar ka taɓa riƙe numfashi wallahi, iska na kumbura in kana tasowa, huhu na iya fashewa. Kunne kuma in ya fara zafi ka ɗan taso ka toshe hanci ka hura kaɗan.

Jirgin saman komawa ka sa shi aƙalla awa 18 bayan nutson ƙarshe, ni dai na fi natsuwa da 24.