Babi na Bakwai: Ranar Farko da Na'urar Karanta Littafi

Darasi na 1: Kunnawa

Iyayena da yayyena, barkanmu da haɗuwa. Na'urar da ke hannunku ana kiranta Kindle, kamfanin Amazon ne yake yin ta. Ba waya ba ce, ba a kira da ita. Aikinta ajiye littattafai da nuna su shafi-shafi.

A cikin kwali za ku tarar da ita da igiyar caji kawai, babu kan caja. Ku yi amfani da kan cajar waya mai kyau. Ku duba gindin na'urar, wato gefen ƙasa: akwai ramin caji, kusa da shi akwai ɗan ƙaramin maɓalli. Shi ne na kunnawa. Ku sa ta a caji har ta cika kafin a fara komai. Sannan ku danna maɓallin sau ɗaya, ku saki.

Idan kun ga hoto a fuskarta alhali ba ku taɓa ta ba, ba a kunne take ba, barci take yi. Irin wannan fuska tana riƙe hoto ba tare da shan batir ba, shi ya sa caji ɗaya kan kai makonni. In aka ajiye ta kamar minti 10 ba a taɓa ba, da kanta take yin barcin.

Darasi na 2: Juya shafi

A nan kusan kowa yake tuntuɓe, don haka mu bi a hankali.

Ku taɓa gefen dama na fuskar da kan yatsa, sau ɗaya, a hankali, ku ɗage yatsan, ku jira. Shafi zai juya zuwa gaba.

Mu sake. Taɓa, ɗage, jira.

Me ya sa za a jira? Wannan fuska ba ta da saurin fuskar waya. Wani lokaci ma sai ta yi baƙi ƙirin na ɗan ƙiftawar ido, sannan rubutu ya fito. Ba lalacewa ta yi ba, share tsohon shafi take yi. Mai gaggawa sai ya sake taɓawa, ya sake, ya tsallake shafi uku, ya rasa inda yake. To in hakan ta faru, kada ranku ya ɓaci. Ku taɓa can bakin gefen hagu, za ta koma baya shafi ɗaya. Nan ma sau ɗaya ne, sannan a jira.

Kada ku danne yatsa a kan rubutu. Idan yatsa ya daɗe, kalmar za ta yi duhu, wani akwati ya fito ya rufe karatun. Ku taɓa wani wuri a wajen akwatin, zai tafi. Ku gwada sau goma yanzu: taɓa, ɗage, jira. Madalla, hannu yana sabawa.

Amma fa an faɗa an maimaita, har yanzu wasu na dannawa da ƙarfi kamar masu sa hannu da tawada a takardar zaɓe. Ƙarfi ba ya ƙara mata sauri, fuskar kawai zai fasa, kuma gyaranta da wuya. Don Allah a daina. Jiƙaƙƙen hannu ko mai maiƙo ma ba ta jin sa da kyau, a goge hannu tukuna.

Darasi na 3: Ƙara girman rubutu

Ku taɓa can saman fuskar. Wasu alamomi za su fito. Ku nemi mai haruffa biyu, Aa, ku taɓa. Alamar + tana ƙara girma, alamar − tana ragewa. Mai raunin ido ya ƙara har ya gani sarai, babu kunya a ciki. Idan ɓ, ɗ ko ƙ suka fito a karkace, ku gwada wani salon rubutu a wurin nan. Nan ma, taɓawa ɗaya, a jira.

Darasi na 4: Idan ta ƙame

Ku danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 40, ku saki. Za ta tashi da kanta, littattafanku suna nan. In ta ƙi, a sa ta a caji.

Darasi na 5: Adana ta

Kada a bar ta a rana, kada a zauna a kanta. A sa mata riga.