Yadda za ka gyara sautin gitar bes

Kafin ka tafi kasuwar Alaba da ke Legas neman sabuwar amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, fara duba yatsunka, domin daga gare su sautin gitar bes yake farawa. Idan ka kaɗa tsirkiya kusa da gadar da take riƙe da ita, sautin zai fito siriri mai kaifi, amma idan ka matsa wajen wuyan gitar, zai yi kauri da taushi, irin wanda yake zama daram ƙarƙashin ganga a bikin aure a Agege. Danshin Legas yana saurin sa tsirkiya tsatsa har sautinta ya dushe, saboda haka ka goge ta da busasshen ƙyalle bayan kowane wasa. A amfilifaya kuwa, ƙara sautin tsakiya kaɗan, wato wanda ke tsakanin siriri da mai kauri, ya fi cika mai kaurin amfani a cikin taro.