Yadda na gyara tsagewar manifol ɗin turbo

Sau biyu ana yi wa manifol ɗin motata (ƙarfen da ke tattaro hayaƙin inji) walda a Sabon Gari, sau biyu yana sake tsagewa daidai gindin turbo, na'urar da ke ƙara wa inji ƙarfi. Ashe ƙarfen kas, wanda da shi aka yi manifol ɗin, ba ya jure hucewa da sauri, ga kuma hunturun Zariya.

Na huda ƙarshen tsagar duka biyu don kada ta ci gaba, na kwarzane ta da giranda. Muka gasa manifol ɗin a garwashi. Da ilektirod (sandar walda) na nikel muka ɗinke, santimita 2 kawai a lokaci guda, ina bubbuga ɗinkin da ƙaramar guduma tun da zafinsa. Wannan bubbugawar ce masu walda ke yawan tsallakewa. Muka binne manifol ɗin a busasshen yashi ya kwana don ya huce a hankali.

Na je Kaduna na dawo, ko ɗigon baƙin hayaƙi babu a wurin.