Jinyar majinyacin da bugun zuciyarsa ya rikice

Ki fara da yatsu kafin na'urar lura da bugun zuciya. Ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu, ki ƙirga minti ɗaya cur. Ƙirga daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu yaudara ce idan bugun yana tsallake. Bugun lafiyayyen baligi a zaune 60 zuwa 100 ne a minti. Sai ki saurari ƙirji, ƙasan nonon hagu. In na ƙirji ya fi na hannu yawa, wasu bugun ba su da ƙarfin kai jini hannu; rubuta, a ɗauki ECG, wato gwajin zanen bugun zuciya.

Digoksin, maganin zuciya, shi ne wurin taka tsantsan. Bugun ƙirji ya gaza 60, dakatar da shi, ki kira likita. Lasix, maganin rage ruwa a jiki, na zubar da sinadarin fotasiyam ta fitsari, in kuwa fotasiyam ya sauka ƙasa da 3.5 a gwajin jini, digoksin kan koma guba: tashin zuciya, amai, ganin abubuwa rawaya-rawaya. Wannan ya shafi masu jego da ake kawowa asibitin koyarwa na Shika a Zariya da kumburin ƙafa da haki. A tambayi dangi cikin ladabi ko mai jegon tana shan kunun kanwa, don gishirinsa na tara ruwa a jiki. Tsofaffi kuma a tambaye su ko suna cin goro.

Na'ura ta yi ƙara, dubi mutumin tukuna. Gumin bazara kan ɓalle mannen na'urar daga ƙirji, ta yi ƙarar banza. Amma in bai amsa ba, babu numfashi, babu bugu a wuya, ki ƙwala kira, ki fara danna tsakiyar ƙirji sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6.