Yadda za ka riƙe ma'aikata a kamfanin talla kada su gudu su bar ka da kwastoma

Na yi shekaru ina aiki a wani ƙaramin kamfanin talla da hulɗa da jama'a a nan Kano, mu goma sha biyu ne har da mai shara, kuma a shekara ɗaya sai da muka canja mai zane har sau uku. Kowa cewa yake kuɗi ne ya kore su, to eh kuɗi na ciki, amma na ukun da ya tafi albashin da ya samu a can bai ma kai namu ba, ya ce min shi dai yana so ya riƙa kwana da wayarsa a kashe. Tun ranar na gane inda gizo ke saƙa. A wannan sana'ar kwastoma ne ke cin ran ma'aikaci, kuma aikin oga shi ne ya tsaya a tsakani.

To idan kai ne oga, ga inda za ka fara. Ka cire yaranka daga guruf ɗin WhatsApp na kwastoma. Mutum ɗaya ya ishe shi, wanda ke kula da wannan kwastoman, shi zai karɓi saƙo shi zai mayar. Abin da ya faru da mu kenan, wani Alhaji mai kamfanin ruwan leda ya samu lambar mai zanenmu, sai ƙarfe sha ɗaya na dare ya turo boyis, "yaro a ƙara wa logo ɗin nan girma", yaro ya tashi ya kunna laftof ya ƙara, da asuba Alhaji ya sake turowa wai uwargida ta ce shuɗin ya yi duhu, kafin azahar kuma ɗansa da ke karatu a waje ya ce a mayar yadda yake. Zane ɗaya gyara tara, ba ko kwabo a kai. Shi ya sa tun a takardar yarjejeniya za ka rubuta gyara biyu ne kyauta, na uku da kuɗinsa, kuma kai za ka faɗa wa Alhaji da bakinka cikin ladabi, ranka ya daɗe haka tsarinmu yake, kada ka tura yaro ya faɗa don ba zai iya ba. Za ka yi mamaki, da an ce akwai kuɗi sai shuɗin ya yi daidai.

Sannan kada a fara aiki sai an rubuta abin da ake so. Ko shafi ɗaya ne, wa ake wa tallar, a rediyo za ta fita ko a allon titi ko Facebook da TikTok, nawa aka ware, yaushe ake so. Rabin faɗan da ake yi a ofis tsakanin mai rubuta jingil da mai kula da kwastoma daga "ai na gaya maka" yake tasowa. Kuma a lissafin wa'adi ka sa kwanakin tantancewa, don doka ta ce talla sai ARCON ta duba kafin ta fita, ita ce hukumar gwamnati mai kula da harkar talla, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar APCON a 2022, idan ka yi wa kwastoma alkawarin gobe-gobe alhali ka san da wannan to yaranka ka sayar.

Yanzu maganar albashi, wadda a nan ne yawancin ogogi ke faɗuwa. Kalmar da ta fi kashe zuciyar ma'aikaci ita ce "kwastoma bai biya ba tukuna". Ina ruwan mai kyamara da wannan? Shi ya yi aikinsa. Gaskiya ne manyan kamfanoni na jan ƙafa, har sai da hukumar talla ta fitar da ƙa'ida a 2021 cewa a riƙa biya cikin kwana 45, kuma duk da haka za ka ga ana bin bashin wata uku, amma maganinsa shi ne ka karɓi rabi ko fiye kafin a ɗora hannu a aiki, ka kuma ajiye albashin wata biyu a gefe wanda ko motarka ce ta lalace ba za ka taɓa ba. Ka tsayar da rana, in 28 ne 28, alat ya shiga. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira dubu 70 ne tun 2024, amma wallahi wanda ya iya editin ɗin bidiyo sosai zai iya haɗa wannan a biki biyu ko uku, to ka san da wa kake gasa. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin adaidaita ya zama wani haraji na daban, don haka alawus ɗin mota da na data ka ware su daban da albashi, kada mutum ya riƙa loda bidiyon kwastoma da datar da ya saya don kansa. In kun kai mutum 15 fansho ya zama dole, kai kashi 10 cikin ɗari na albashin ma'aikaci shi kashi 8, kuma ka tura da gaske, yanzu kowa na duba saƙon kamfanin fanshonsa a waya.

Lokacin aiki kuma, sana'ar nan tana da kaka. Azumi, jajibirin Sallah, lokacin kamfen ɗin siyasa, nan kam ba makawa za a yi dare. Ba daren ne ke ɓata rai ba, a yi daren a kuma ce gobe ƙarfe takwas kowa ya sa hannu a rajista, wannan shi ne zalunci. Wanda ya kai sha biyu a situdiyo ya zo da azahar, ko a ba shi kwana guda bayan an miƙa aiki. A azumi ku ja mitin ya dawo safe a tashi da la'asar, in dole aka kai magariba to buɗa baki a kan kamfani yake, ƙosai da kunu ba za su karya ka ba. Mata kuma kada ka bari dare ya yi musu a ofis ba tare da an tanadi mai kai su gida ba, in ba haka ba gidansu za su hana su aikin gaba ɗaya, kuma sau da yawa su ne suka fi iya rubutun tallar kayan gida. Hutun haihuwa sati 12 ne a dokar ƙwadago, ba alfarma kake yi ba.

Akwai wani abu da ba ya cin ko sisi amma ogogi na ƙyashinsa, faɗin sunan wanda ya kawo dabara. An zauna ana ta lalube, yarinyar da ta zo bautar ƙasa ta jefo jimlar da ta zama taken tallar, sai a gaban kwastoma oga ya ce "da na zauna na yi tunani". Ta ji, kuma ba za ta sake magana a mitin ba. Ka tafi da ita wajen gabatarwa ka ce ga mai ita. Haka kuskure, in an saki fosta da kuskuren rubutu ko lambar waya ba daidai ba, a gaban kwastoma laifin kamfani ne, kai za ka sha faɗan, daga baya ka ja mutum gefe ku biyu. Tsawa a guruf ɗin ofis ba ta gyara komai sai dai ta koya wa kowa ɓoye kuskure. Ni dai na fi son dokar ido biyu, ba abin da zai fita sai wani ya sake karantawa, musamman Hausar, don an sha jin kunya da tallar da aka fassaro daga Turanci kai tsaye.

Masu ɓangaren hulɗa da jama'a ka biya musu rajistar NIPR, ƙungiyar ƙwararrun hulɗa da jama'a ta Najeriya, tana nan tun 1963, takardar tana ƙara musu daraja kuma kai ma tana maka amfani wajen neman kwangila. Wasu na tsoron in sun horar da yaro zai gudu. Zai iya gudu mana, amma wanda ya tafi da daɗin rai shi ne gobe zai zama jami'in yaɗa labarai a wani banki ya kira ka da aiki.

Maganar aikin gefe kuwa, kusan duk mai zane yana yi, katin biki, fostar ɗan takarar kansila, kada ka yaudari kanka. Ku zauna ku yi ƙa'ida a fili, ban da lokacin ofis, ban da kwastoman kamfani, in zai ɗauki kyamarar ofis ya rubuta ya biya wani abu.

Duk wata uku ka zauna da kowa shi kaɗai minti ashirin, ba a ofishinka ba, ko wajen mai shayi ne, ka tambaye shi wane kwastoma ne ya fi takura masa, me yake rasa na aiki. Karon farko kowa zai ce lafiya lau oga. Ka gyara abu ɗaya da ka gani da idonka, ko kujerar nan ce mai karyayyen baya ko batirin sola da ke mutuwa ƙarfe uku, a zama na biyu za ka ji bakinsu ya buɗe, ka zo da biro.