Babi na 7: Zama da Mataimakin da Ba Ka Ganinsa

A da, idan ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Kasuwar Singa ya ɗauki yaro, a gindinsa yaron yake wuni. Shi ke buɗe shago, shi ke yayyafa ruwa ya share ƙofa, shi ke kai kaya tasha. Ubangida yana ganin sa'ar da ya zo, yana ganin ranar da ya tashi da ɓacin rai, in zazzaɓi ya kama shi ma ba sai ya faɗa ba. Yanzu kuwa an sami wani irin yaron shago wanda bai taɓa taka shagon ba. Yana Zariya, ko Maraɗi, ko Kumasi, da waya ko kwamfuta a hannunsa. Yana amsa saƙonnin masu saye, yana ɗora hotunan kaya, yana rubuta wa ya biya, wa ake bi. Shi za mu kira mataimaki na nesa. Mutum ne mai jini a jika, ba manhaja ba, kuma abin da masu ɗaukarsa suka fi saurin mantawa ke nan.

Sana'ar ba yau ta fara ba. Kamfanonin Amurka da Ingila sun daɗe suna ɗaukar irin waɗannan ma'aikata daga Filifin da Indiya ta dandali irin su Upwork da Fiverr. Mu ta shigo mana da ƙarfi ne bayan fitowar WhatsApp Business a 2018, lokacin da matan aure suka kama ciniki daga cikin ɗaki, saƙo ya yi wa mutum ɗaya yawa. Samun mataimaki ba wuya, gari cike yake da matasa masu neman abin yi. Riƙe shi shekara biyu ko uku, nan ake yin ta.

Karatu

Malami ya fara karantawa, sannan ɗalibai biyu su maimaita. Ɗaya ta zama Hajiya mai sayar da atamfa da leshi a Kano, ɗaya ta zama mataimakiyarta, ɗaliba ce a Zariya.

Hajiya: Salamu alaikum, 'yata. Tun la'asar nake kira, wayarki a kashe.

Mataimakiya: Wa alaikumus salam, Mama, ina wuni. Wallahi kwana biyu ba mu da wuta, yanzu na karɓo ta daga wurin mai caji.

Hajiya: To, matar nan ta Abuja ta kira ni tana ta faɗa. Kin ce mata leshin nan dubu 38, alhali dubu 45 ne.

Mataimakiya: Mama, kuɗin da kika faɗa mini watan jiya ke nan. Ban san an ƙara ba.

Hajiya: Au! Ai na faɗa a shago, kowa ya ji.

Mataimakiya: Ni ai ba na shago, Mama.

Ku tsaya a kan maganar Hajiya ta ƙarshe. "Kowa ya ji." Gaskiya ta faɗa, yaran shago sun ji, mai shayin bakin layi ma ya ji. Wadda ke amsa wa masu saye ce kaɗai ba ta ji ba. Yawancin rigimar da ke raba mai kaya da mataimaki na nesa daga irin wannan take tasowa, ba daga sata ko lalaci ba. Abin da ido da kunne suke yi wa yaron shago kyauta, na nesa sai an zauna an yi masa shi da gangan.

A rubuta

Saƙon murya yana da daɗi, musamman ga wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna. Ku ci gaba da amfani da shi wajen gaisuwa da bayani. Amma kuɗi, da kwanan wata, da adireshi, da lambar direba, a rubuta su da lambobi. A hayaniyar kasuwa "talatin" da "tamanin" ba su da nisa a kunne. Kuma saƙon murya na minti huɗu da aka tura makon jiya, wa zai koma ya lalubo inda aka ambaci kuɗin shadda a cikinsa?

In mataimakinka ɗan Nijar ne, ka ƙara kula. "Jaka guda" a bakin dattijon Kano naira 200 ce, a Maraɗi ko Damagaram kuwa sefa 1,000 ce, "dala" kuma a wurinsu sefa 5. Hausa ɗaya kuke yi, lissafi biyu ne.

A ware wuri ɗaya tak da farashi zai zauna, ko takardar Google Sheets (jadawalin intanet da ku biyu za ku iya buɗewa), ko shafin littafi da za a riƙa ɗaukar hotonsa da kwanan wata a samansa. Duk ranar da kaya ya tashi, kafin a faɗa wa kowa, a gyara can.

Wasu suna jin nauyin rubuta yarjejeniya, wai kamar rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni take yi da rubuta bashi, kuma tsakanin muminai ake maganar. Ga misali gajere, kowa ya kwafa a littafinsa:

"Aiki: amsa saƙon masu saye, ɗora hotuna 10 a rana, rubuta ciniki. Lokaci: 9 na safe zuwa 5 na yamma, Asabar zuwa Alhamis. Albashi: ranar 28 ga wata. Kuɗin data: a kan mai kaya. Ragi: kada ya wuce naira 1,000 sai an tambaya. Wanda zai bari ya ba da sanarwar mako 2."

Layin ragin nan yana da amfani ƙwarai. Mataimakin da sai ya kira ka kafin ya sauke naira ɗari biyar bai rage maka aiki ba, ya ƙara maka ne. Ka gaya masa iyakarsa, ka bar shi ya yi ciniki a cikinta.

Agogo

Don waya tana hannunsa dare da rana, ba shi ke nuna ka sayi darensa ba. Yana salla, yana cin abinci, wataƙila yana da jarrabawa ko goyo. A azumi ku sake zama ku daidaita lokaci. In kuma tafiya ta kama ka, ka tuna agogo yana bambanta: Makka tana gaban Najeriya da Nijar da awa 2, Dubai da awa 3, Guwanzu ta ƙasar Sin da awa 7, Gana kuwa tana baya da awa 1. Alhajin da ya karya kumallo a Guwanzu da ƙarfe 9 ya ɗau waya, ƙarfe 2 na dare ya tashi yaron mutane.

Haƙƙi

A nan zan daɗe, domin a nan na ga zama ya fi lalacewa, har da nawa. Na taɓa ɗaukar wani yaro mai hankali yana tattara mini sunayen ɗalibai da sakamakonsu a kwamfuta daga garinsu. Wata uku a jere ina biyansa ranar da na tuna, wani lokaci 5 ga wata, wani lokaci 12. Bai taɓa tambaya ba, kunya irin ta 'ya'yan mutunci. Ni kuma na ɗauka shirun nan gamsuwa ce. Ran nan sai ga saƙo, ya gode, ya sami wani wuri. Da a gabana yake, da na ga takalminsa ya tsinke na tuna. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Gumin na nesa ba a ganinsa, shi ya sa ake sa rana a rubuta.

Mu yi lissafi. A ce albashin mataimakiyar Hajiya naira 40,000 ne. Tana sayen data ta 8,000 a wata daga aljihunta. Tana kai waya caji a naira 200 kullum, kwana 26, ya zama 5,200. A haɗa: 13,200. A cire daga 40,000, saura 26,800. Hajiya tana gaya wa ƙawayenta dubu arba'in take biya, yarinya kuwa abin da ke shiga hannunta bai kai ashirin da bakwai ba. Kowaccensu tana ganin ita ake ƙwara.

Kuma kuɗi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda kaya suka tashi. A 2024 mafi ƙarancin albashi a Najeriya ya koma naira 70,000. Dokar ba ta hau kan ƙaramin shago mai ma'aikata kaɗan ba, amma ma'auni ce da mataimakinka ya sani. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta yarda kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Mai kayan da ya ƙara wa turmin atamfa kuɗi sau huɗu, albashin yaro kuwa yana nan inda yake tun shekaru biyu, kada ya yi mamaki in aka wayi gari an bar masa aikinsa. Ku sa wa kanku wata ɗaya a shekara, ko bayan kowace babbar salla, na duba albashi.

Makullai

Ubangida ba ya miƙa wa sabon yaro makullin sito ranar farko. Haka a waya. WhatsApp yana ba da damar haɗa layi ɗaya da wasu na'urori har 4, don haka mataimaki zai iya amsa saƙo daga inda yake, layin kuma yana hannunka, kana iya cire na'urarsa duk sa'ar da ka so. Ka sa lambar sirri mai lamba 6 ta tabbatarwa mataki biyu, ka riƙe ta kai kaɗai. Lambar katin banki, da BVN (lambar shaidarka ta banki), da lambar nan da banki ke turowa a waya kafin kuɗi ya fita, ba a ba kowa, ko ɗan cikinka ne. Kuɗin ciniki ya shiga asusunka, kai ka duba ka tabbatar kafin a saki kaya, domin hoton rasit da alat na ƙarya sun yi yawa. Ka bayyana wa mataimaki cewa wannan kariya ce gare shi ma: ranar da kuɗi ya ɓace, ba wanda zai kalle shi.

Lambobin masu saye da adireshinsu amana ce a hannunku duka biyu. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya. Kada a ba wani, kada a tafi da su in an rabu.

Gyara da zumunci

Faɗa a rubuce ya fi zafi, domin ana karanta shi sau goma. In an yi kuskure, ka kira, ka fara da gaisuwa, ka ji ta bakinsa. Kada ka zage shi a zauren WhatsApp da masu saye suke. Sau ɗaya a mako, ko minti goma ne, ku yi magana baki da baki: me ya fi tafiya, me mutane ke tambaya babu, me ke ba shi wahala. Shi ke jin koken masu saye, sau da yawa ya riga ka sanin kalar da ta daina shiga.

An ce zumunci a ƙafa yake. Na nesa ba zai ga ƙafarka ba, sai dai ya ga yadin salla ya iso a mota, ya ji kiranka ranar da aka yi masa rasuwa ko haihuwa. Yaron Kwari yana haƙuri ne don ya san wata rana ubangida zai sallame shi da jari. Shi ma wannan a nuna masa abin da ke gaba: kamisho a kan kowane turmin da ya sayar, ko a ba shi kaya a kuɗin sari ya nemi ribarsa.

Aikin gida

Kowa ya rubuta tasa yarjejeniyar, layi shida, da sana'arsa ta gaskiya a ciki. Sannan ya sake lissafin nan na sama, amma a ce Hajiya ta ɗauke kuɗin data, ta kuma saya wa yarinyar pawa bank, caji ya koma kwana 10 a wata. Nawa zai rage a hannunta? A zo da amsa ranar Asabar.