Yadda na daina datse kwanson harsashi da hannu

Masu harbin nishaɗi a nan Amurka da yawa ba sa zubar da kwanson harsashi, sake cika shi suke yi. Sai dai duk harbi da matsewa (wato mayar da kwanson girmansa na asali kafin a sake cika shi) tagullar kwanson tana miƙewa. Kwanson harsashi nau'in .223 Remington iyakar tsayinsa inci 1.760, ana datse shi a mayar da shi 1.750. In ya wuce, bakin zai iya danne harsashin a cikin bindiga, ƙarfin fashewa ya haura. Wannan ba abin wasa ba ne.

A da, injin datsewa na hannu nake murzawa, kafin in kai rabin bokiti tafin hannuna ya yi kanta. Sai na sayi abin yanka na kamfanin Lee, wanda ake ɗaure gindin kwanson a bakin injin huda mai batir. Sandar awonsa tana shiga ciki ta tokare, ruwan wuƙar ya daina ci.

Sauri ya samu, amma tsayi bai zo ɗaya ba. Ashe ɓarɓashin tagulla ne ke maƙalewa inda sandar take tokarewa, siriri kamar gashi, ya hana ta kaiwa ƙarshe. Yanzu buroshi na gefe, ina sharewa a kai a kai, injin kuma a hankali nake juya shi, don gudu yana sa bakin ya yi kaushi. Matsewa tukuna, sannan datsewa. Kafin in kwance kwanson ina goge kaifin bakin ciki da waje, duk kwanso na goma kuma sai ya hau ma'auni. Tabarau na kare ido dole ne.